Wa Za Ki Sallama Wa, Wa Za Ki Ce Wa Albarka?

A wannan mako zancenmu a kan ciniki yake.

Da wuya a shiga gida a ƙasarmu a tarar babu macen da ke da 'yar sana'arta a tsakar gida. Wata ƙuli-ƙuli take soyawa ta sayar da mai, wata daddawa, wata fura, wata ɗinki, wata kitso. Wadda ba ta da jari ma takan karɓi dakau ko wankau. Da 'yan kuɗin nan ne ake zubin adashi, a sayi sabulu da littafin yara, a yi biki, a tara wa 'ya kayan ɗaki. Saboda haka sana'ar mace ba abin wasa ba ce, kuma mutanen da take hulɗa da su a kanta abin a duba ne da kyau.

In mata masu sana'a sun haɗu, ba a daɗewa sai a shiga kukan masu saye. Wannan ta ce wance ta cika tayin wulaƙanci, waccan ta ce wane ya ci bashi ya ɓace. Daga nan sai ki ji an ce, "Ni dai na daina ciniki da ita." To, abin da nake so mu lura da shi yau shi ne, masu zuwa ƙofarmu da ciniki iri biyu ne ya kamata mu iya rarrabewa. Akwai mai wuyar hali, akwai kuma mai kawo cinikin da zai cuci gida. Sau da yawa mukan kori na farko domin ya ɓata mana rai, mu shimfiɗa wa na biyu tabarma domin ya zo da fara'a da kuɗi a hannu.

MAI WUYAR HALI

Kowa ta san irinta. Ita ce tsohuwar da za ta ɗaga kwalbar mai ta duba a rana, ta sansana, ta ce ya yi ruwa, ta taya rabin kuɗi, sa'an nan bayan an daidaita ta tsaya sai an yi mata gyara. Ita ce mai kawo atamfa ranar Laraba ta ce ranar Juma'a za ta sa, in an ɗinka kuma ta ce hannun ya matse. Ita ce mai aiko yaro sau uku a kan furar da ba ta kai ta kawo ba.

Ki tsaya ki yi lissafi, uwargida. Me wannan mata ta rage miki? Ta ci miki lokaci, ta ɗaga miki murya, amma kuɗinta sun shiga asusunki, gobe kuma za ta komo. Mai yawan ƙorafi sau da yawa ita ce mai gaya miki gaskiyar kayanki. Wadda ta ce daddawarki ta yi yashi ta yi miki alheri, gama goma sun ji yashin nan ba su ce kome ba, sai dai suka koma gidan maƙwabciyarki.

Ban da wannan kuma, ki tambayi kanki abin da ya sa ta tsananta. Mai juya naira ɗari a hannu tana tayi tana sakewa, watakila su ke nan gare ta, kuma baki biyar ke jiranta a gida. A garin Anka akwai mutanen da tashin hankalin daji ya raba da ƙauyukansu, suka bar rumbu da gona suka zo zaman hijira. A Gummi ambaliyar damunar 2024 ta rushe gidaje masu yawa, ta cinye amfanin gona. Macen da jiya take auna wa wasu, yau ta zo tana tayin rabin mudu, dole ki ga fuskarta a ɗaure. Kunya ce ke fita da kamannin faɗa. Irin wannan ki tarbe ta da sakin fuska, ki ce, "Sannu da zuwa, Inna, zauna ki huta." Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba ta rage jari.

Amma haƙuri da mutum ba ya nufin ki bar shi ya taka ki. Maganin mai wuyar hali shi ne a gama magana tun kafin a fara aiki. In ɗinki ne, ki gwada ta a gabanta, ki faɗi kuɗi, ki faɗi rana, ki karɓi kafin alƙalami. In ranar da take so ba za ta yiwu ba, ki gaya mata tun a lokacin, kada ki ce "to" domin kunya. In kuwa kin riga kin karɓa, sai ki cika, kome mitarta, gama kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

ZANCEN BASHI

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mai sana'ar da ta ce ba ta ba da bashi sam, a garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, ba za ta daɗe ba. Wadda kuma ke ba kowa, ita ma ba za ta daɗe ba. Mun ga haka a farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun naira kuɗi suka yi wuya a hannu, kusan kowane ciniki ya koma na "rubuta, zan kawo."

Masu cin bashi su ma iri biyu ne. Akwai wadda ta kasa, akwai wadda ta ƙi. Wadda ta kasa takan zo da kanta ta ba da haƙuri, ta kawo abin da ya samu ko kaɗan ne. Wannan a jinkirta mata. Wadda ta ƙi kuwa, za ki gan ta da sabon zane ran biki, in ta hango yarinyarki sai ta sake hanya. Wannan ki ci gaba da gaisawa da ita, ki je mata barka, ki je mata gaisuwa, ki sayar mata in ta zo da kuɗi a hannu, amma littafin bashi ya rufe a kanta har ta biya na baya. Ba ki yanke zumunci ba, jarinki kawai kika tsare.

Ki raba uwar kuɗi da riba. Abin da za ki bayar bashi ya fito daga riba, kuma ya zama wanda in ya nutse ba zai hana ki sayen gyaɗar gobe ba. Sa'an nan ki rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma aya ta 280 a surar nan ta yi umurni da a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Kun ga an haɗa mana tausayi da tsari wuri guda.

CINIKIN DA YA ZO DA FARA'A

Yanzu bari mu juya ga iri na biyu. Ba sai mun je nesa neman misali ba, domin abin a ƙasarmu ya faru, kuma duniya duka ta ji labarinsa.

A shekarun da suka gabaci 2010 kuɗin zinariya ya yi ta hawa a kasuwannin duniya. Ƙasar Anka da Bukkuyum kuwa Allah ya ajiye zinariya a cikin duwatsunta. Maza suka dukufa haƙa, domin aikin ya fi noma kawo kuɗi. Dutsen da aka haƙo sai an farfasa shi, an niƙa ya zama gari, an wanke, kafin a sami zinariyar. Sai aka riƙa kawo shi cikin gari a buhuna. Ana niƙa shi da injin niƙan hatsi, ana daka shi a turmi, ana shanya shi a tsakar gida inda ake shanya gero. Mata da yawa suka karɓi aikin nan kamar yadda suka saba karɓar dakau. Masu kawo shi kuma ba baƙi ba ne, mazan gida ne da 'yan'uwa da maƙwabta.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, dutsen nan cike yake da dalma. Dalma guba ce, ba ta da wari, ba ta nuna kanta a cikin ƙura. Ƙurar ta sauka a ƙasa, ta sauka a kan tabarma da ƙwarya da abinci. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Jikin ƙaramin yaro kuwa yana shan dalma ninki huɗu ko biyar na yadda jikin babba ke sha. Mutane sun lura agwagi suna ta mutuwa, amma ba wanda ya kawo a ransa gargaɗi ne. Daga baya sai yara suka fara amai da ciwon ciki da jijjiga, su suma, su cika. Aka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan sababbin kaburburan yara a waɗansu ƙauyuka. Aka auna jini, aka gane dalma ce. A watan Mayu na shekarar nan ma'aikatan hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, watau CDC, tare da na Nijeriya, suka bi gida gida a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. A cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, suka tarar 118 sun rasu a cikin shekara guda. Watau ɗaya cikin kowane huɗu. Wajen kashi biyu cikin uku na gidajen ana sarrafa dutsen a cikinsu. Kuma binciken ya nuna yaron da mahaifiyarsa ke aikin dutsen da hannunta ya fi shiga haɗarin mutuwa. Gaba ɗaya yaran da suka rasu a yankin sun haura 400.

Kada wata ta karanta wannan ta ɗora wa iyayen nan laifi. Ba su sani ba, kuma domin 'ya'yan nan nasu suka karɓi aikin. Da aka bayyana musu, sarakuna da masu gari suka sa a fitar da niƙan dutse bayan gari, mata suka ɗauki yaransu suka zauna da su makonni a asibitin Anka da na Bukkuyum ana ba su maganin da ke fitar da dalma daga jini. Aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa a Dareta da 'Yargalma da Abare da Tungar Guru da Sunke da Tungar Daji da Duza a 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka yi nata, bayan an daɗe ana jiran kuɗi daga Gwamnatin Tarayya. Kafin MSF ta miƙa aikin ga hukuma a 2022, ta auna jinin yara fiye da 8,000.

Waɗanda suka rayu ma ba duka suka tsira lafiya ba. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya komowa. Akwai waɗanda suka makance, akwai waɗanda suka shanye, akwai kuma masu yawa da ba a ganin kome a jikinsu, sai an sa su makaranta a ga karatu ya ƙi zama. Mu da muke koyarwa ya kamata mu riƙe wannan, kada mu yi saurin kiran yaro daƙiƙi.

Watakila wata ta ce ai wannan ya wuce. To, ku sani a 2015 irin wannan ya sake faruwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. A nan Zamfara kuma Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a watan Afrilu na 2019, ta ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Muddin akwai zinariya a ƙasa, wata rana wani zai yi sallama a ƙofarki da buhu. 'Yan matan da aka haifa bayan 2010 kuwa sun fara isa aure, ba su ga abin da idonsu ba. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Yanzu ku gwada mutanen nan biyu. Tsohuwar da ta tsaya a kan gyara ta ɓata miki rai na rabin sa'a. Mai buhun dutse bai yi tayi ba, bai yi mita ba, amma abin da ya bari a tsakar gida ya fi ƙarfin kowace riba.

TAMBAYA UKU KAFIN KI CE TO

Duk cinikin da ya zo miki, musamman wanda ribarsa ta fi yadda kika saba, ki yi wa kanki tambaya uku.

Ta ɗaya, me zai bari a gidana bayan mai shi ya tafi? Dutsen zinariya kada ya shiga gida ko kaɗan, ko daka ne, ko shanya, ko ajiya ta dare ɗaya. Turmin da ya daka dutse ya bar dakan hatsi. Buhun da ya ɗauki dutse kada a zuba masa gero. Kada ki kai niƙa injin da ke niƙa dutse. Tufafin masu haƙa suna ɗauke da ƙurar nan, saboda haka mai wankau kada ta karɓe su ta kakkaɓe a tsakar gida, mai aikin ya wanke jikinsa ya sake tufa a can kafin ya shigo. Zaibar da ake kama zinariya da ita ita ma guba ce, kada a ƙona ta a murhun girki ko a cikin ɗaki. Mai ciki da mai goyo su fi kowa nisanta, gama dalma tana ratsawa ta kai ga ɗan da ke ciki.

Ta biyu, daga ina kayan nan suka fito? Wannan ta dillalai ce da masu sayen na hannu. In an kawo miki akuya ko keken ɗinki ko kayan ɗaki a kan rabin kuɗinsu, mai su yana sauri, ba ya son a kira shaida, to, ki tuna a ƙasar nan akwai gidajen da aka kwashe da ƙarfi. Watakila kwanon da ake tallata miki na wadda ke zaman hijira a bayan gidanku ne. Araha ba ta ado.

Ta uku, ina kayana za su? Mai tuwon sayarwa ko mai burodi da wani baƙo ya zo ya ce a yi masa na mutum talatin, ya biya ninki, bai faɗi biki ba, bai faɗi suna ba, ya kamata ta tsaya. Kun tuna a 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, domin a toshe hanyar da kaya ke bi zuwa ga 'yan bindiga. Na san akwai ƙauyukan da ake tilasta wa mutane da bakin bindiga, waɗannan ba da su nake ba, Allah ya kawo musu mafita. Ina magana da wadda ke da zaɓi. Ita kuma kada ta tsaya gardama da baƙon, kada ta tuhume shi. Ta ce kayan sun ƙare, sa'an nan ta gaya wa maigida ko wani babba da ta amince da shi.

YADDA AKE CEWA ALBARKA

Hausawa sun yi hikima da suka sa kalmar ƙin tayi ta zama addu'a. Mai kaya ba ya cewa "na ƙi," sai ya ce "albarka." Haka ya kamata ƙinmu ya zama. Aikin muke ƙi, mutumin yana nan ɗan'uwanmu.

Wuyar ita ce in mai kawo aikin na gida ne. A ce ƙanen maigida ne ya shigo da buhu. Kada ki tsaya a tsakar gida ki yi masa tsawa a gaban yara. Ki ba shi ruwa ya sha, ki ce, "Yallaɓai, ka san abin da ya faru a Dareta da Bagega. Ga ɗanka nan yana rarrafe. Don Allah a kai shi can inda ake yi, abincinka kuma kullum yana nan." In maigida ne da kansa, ki nemi lokacin da ya huta ku yi magana a ɗaki. In ya ƙi ji, ki kai ga surukarki ko liman ko mai unguwa, domin tun 2010 manya suka hana wannan aiki a cikin gari, ba ke kika ƙago ba. Kuma ki damu da shi kansa, gama dalma ba ta bar babba ba, tana taɓa ƙoda, tana hawar da jini. Mai haƙa ma ɗan wata ne, neman halali ya fita.

Zai fi sauƙi in matan unguwa suka haɗa baki. Ran zubin adashi a yi maganar, a daidaita cewa ba gidan da zai karɓa. Ƙura ba ta san katanga ba, in maƙwabciya ta daka, iska za ta kawo miki. Wadda kuma ta bar wannan aiki ta rasa abin yi, a taimake ta da kwasar adashi ta farko ta ja jari, a riƙa kai mata dakan hatsi. Ba a raba mutum da abincinsa a bar shi hannu sake.

GA 'YAN MAKARANTA

Ku 'yan'uwana ƙanana, kuna da aiki a nan. Ki sami littafi ɗaya na rubutu ki ja masa layi huɗu: suna, abin da aka ɗauka, kuɗi, rana. Kowane dare ki zauna da Inna ki rubuta mata, ranar Juma'a ku haɗa lissafi. Cikin wata biyu littafin zai nuna muku wadda ta kasa da wadda ta ƙi, ba tare da an yi faɗa da kowa ba. Ki karanta wa matan gidanku labarin dalman nan, musamman amare. In kin ga ƙanenki yana amai da kasala ko jijjiga, kuma ana aikin dutse kusa da ku, ki ce a kai shi asibiti, a kuma gaya wa ma'aikata zancen dutsen.

In kuma ana aikenki da kaya, ki tsaya a ƙofa, kada ki shiga ɗakin kowa domin karɓar kuɗi, kome yawan abin da ya ce zai saya. In ya ce sai kin shigo, ki komo da kayanki. Uwa ta gari ba za ta yi faɗa ba domin an komo da fura.

To, 'yan'uwa, mai faɗa da mai mita da mai jinkirin biya, a yi haƙuri da su, a tsara ciniki da su, gama da su garin ya cika, mu ma wata rana mu ne masu wuyar halin a ƙofar wata. Amma cinikin da zai taɓa lafiyar yara, ko mutuncin gida, ko haƙƙin wani, a ce masa albarka tun daga zaure, ko nawa aka taya. Allah ya jiƙan yaran da muka rasa, ya ba iyayensu haƙuri, ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, amin. Sai mako mai zuwa.